Fuskar Mahaifiyar Iya

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Satin bayan ƙaramar sallah

Rufaida 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin yi sallah lafiya a ƙasar mutane, karatu kuma bai fi ƙarfinki ba. Mu nan zafi ne ba a magana, wuta kuwa sai ta ga dama. Ciwon ƙafata da sauƙi. Babanki ya zo daga Abuja ya duba mu, ya koma bakin aiki.

Kin san halina. Maganar da ta kai magana ba na yin ta da baki a waya, sai na rubuta da hannuna in ɗauki hoton takardar in turo, don kada gobe wani ya ce ba haka na faɗa ba. To ki zauna ki karanta.

An ce miki kakarki Iya ta zame a banɗaki amma da sauƙi. Ba gaskiya aka gaya miki ba, an dai bar ki ne ki gama jarrabawa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Abin da ya fi ɗaga min hankali kuma, Hausa ta ɓace mata ƙaf. Matar da ta haura shekara hamsin a Kano, wadda in ta shiga Kantin Kwari 'yan kasuwa ke cewa, "Ga Baturiyar nan da ta fi mu baki," yau ba abin da ke fita daga bakinta sai yaren ƙasarsu ta Yukren. Likita ya ce hakan na faruwa, wai harshen farko shi ke saura. Ni da aka haifa a can aka zo da ni ina jaririya, ban san komai a yaren ba sai ƙirga ɗaya zuwa biyar. Kuma ba ta gane ni ba, Rufaida. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, amma kallon ma'aikaciyar asibiti take yi min.

Ta daina cin abinci. Cokali biyu na kunu sai ta kau da kai. Wuni take tana nuna saman sif ɗinta da hannun hagu tana cewa, "Mama, mama." Wannan kam ba ya bukatar tafinta. Gwangwanin biskit ɗin nan take nema, wanda ta danƙa miki da za ki tafi, ta ce ki sa a yi wa hotunan da takardun kwafi mai kyau a can, tunda ba ta yarda da masu hoton unguwa ba. A ciki akwai hoton da aka ɗauka a tashar jirgin ƙasa ta Kharkiv ranar da ta baro ƙasar ita da marigayi kakanki. Mahaifiyarta ce a tsaye da kallabi, tana rungume da ni. Duk duniya shi kaɗai ne hoton matar. Iya ba ta sake ganinta ba har ta rasu, kuma tun kafin yaƙin nan ya tashi ba mu da sauran wanda muka sani a can.

Saboda haka, yau ɗin nan ki buɗe gwangwanin ki ɗauki hoton da wayarki ki turo in nuna mata. Sannan Malam Muhyiddeen, ɗan maƙwabtanmu da ke karatu a garinku, mahaifiyarsa ta ce ya gama, zai dawo gida ƙarshen wata mai kamawa. Ki ba shi gwangwanin hannu da hannu, ya riƙe a jakar hannunsa.

Kada ki yi min nawar nan taki.

Gwaggonki,
Indo

Sri Petaling, Kuala Lumpur

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, sannu da jinya, Allah ya ba da lada. Ni lafiyata ƙalau sai 'yar mura, saboda ruwan nan da ba ya fashi kullum da la'asar. Bashira da muke gida ɗaya tana gaishe ki.

Wallahi tun da na karanta takardarki abinci ya fita raina. Bashira ta yo mana tapau, wato abincin tafi-da-gidanka, daga shagon mamak, masu abinci na nan unguwar, shinkafar na nan a ƙunshe ban taɓa ba. Don me aka ɓoye min? Iya fa ita ta raka ni har filin jirgi tana tsokanata, wai kada in auri ɗan Malesiya in zauna, in yi mata abin da ta yi wa uwarta. Dariya muka yi ranar.

Gwangwanin yana nan wurina, ban ba kowa ba. Sai dai hoton ba zai samu yau ba, Gwaggo. Akwai abin da nake jira, in ya tabbata zan sanar da ke komai. Na yi magana da Malam Muhyiddeen, ya ce ba damuwa, zai ɗauka.

Kafin nan ki gwada mata dankalin Turawa da aka tuƙa da madara, yadda take yi mana muna yara. Na turo saƙon murya, ki kunna mata kusa da kunnenta ko za ta gane ni.

'Yarki,
Rufaida

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Rufaida,

Salamu alaikum. Muna nan yadda kika sani. An fara yi wa Iya ƙarin ruwa a gida. Dankalin ta tofar. Saƙon muryarki na kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta juya ta kalli bango.

"Akwai abin da nake jira." Na karanta layin nan har na haddace shi. Me kike jira? Ɗaukar hoto da waya aiki ne? Ke da ko shayi kika sha sai kin ɗauka kin sa a waya duniya ta gani! Na zauna na auna abin ta ko'ina. Ko kin yar da gwangwanin wajen sauya gida. Ko kin ba wa masu tara kayan tarihi, don na ji ana sayen irinsu. Ko kuwa babanki ne ya ce ki riƙe, tunda da ma gani yake shi ne namiji, komai na gidan nan nasa ne. Na kira shi ya rantse bai san zancen ba.

To saura abu ɗaya, kuma zan faɗa ko da zai ɓata miki rai. In mutuwarta kike jira don kayan su zama naki, ki yi haƙuri kaɗan, ba nisa. Zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa, na cire na adana.

Ni dai na yi nawa. Da hannuna na jera hotunan nan na ɗaure da roba, na sa a leda, na ƙara leda, na ƙara wata, na naɗe bakin gwangwanin da salatif yadda ko ƙwayar ƙura ba za ta shiga ba. Haka na adana lesukan aurena, har yau kamar jiya aka saya. Ba abin da zai sami kayan da na ɗaure sai in mutum ne ya ci amana.

Ina jiran amsa, ba gaisuwa ba.

Indo

Sri Petaling

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya. Murar ta sake ni.

Haba Gwaggo. Ni ce zan jira mutuwar Iya? Na yi kuka har Bashira ta ƙwace wayar daga hannuna. Tunda ɓoyewar ta fi gaskiyar muni, to ga gaskiyar.

Ranar da takardarki ta farko ta zo, ina dawowa daga makaranta na sauko da gwangwanin daga saman wadrob. Tun da na zo ƙasar nan ban buɗe shi ba. Kullum cewa nake sai na gama wannan zangon in kai a yi kwafin, ga shi kuma kin ɗaure shi tamau, hankalina kwance. Ina yanke salatif ɗin wani wari ya bugo ni, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Gwaggo, a nan ba ƙura ake tsoro ba, laima ake tsoro. Takalmin fata in ka bar shi a lungu, kafin ka waiwayo ya yi fumfuna kore shar. Wanki ba ya bushewa sai da fanka. Mutanen nan ba sa rufe abu a leda, buɗewa suke yi ya sha iska. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Wadrob ɗina kuma yana jingine da bangon da ruwa ke duka kullum. Laimar ta sami hanya ta shiga, ledar ta hana ta fita.

Takardun suna cikin ambulan daban, sun yi ɗigo-ɗigo amma suna karantuwa: takardar haihuwar Iya, ta aurensu, da ta izinin fita ƙasa mai tambari ja. Hotunan kuwa, da yake roba ta matse su, sun manne sun zama dunƙule ɗaya kamar sandar sabulu. Na sa farce a gefe zan ɗaga na farko, na ji takardar tana shirin yagewa, na bari. Na zauna a ƙasa ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Abin da na ce ina jira, wani dattijo ne Ba'indiye mai shagon hoto a Brickfields, unguwar da ke gefen babbar tashar jirgi. An ce ya san tsofaffin hotuna, amma ya yi tafiya. Jiya ya dawo, na hau jirgi na kai masa. Ya juya dunƙulen, ya shinshina, ya ce hanya ɗaya ce: a jiƙa su a ruwa mai tsabta mai sanyi har su saki, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda fumfunar ba ta ci sosai ba za su fita lafiya. Waɗanda ta ci kuwa, hoton zai iya narkewa a ruwan, kuma ba wanda ya isa ya sani sai an gwada. Ya ce shi ba zai taɓa ba sai da yawun masu abu.

In an bar su a manne, fuskar tana nan a ciki, amma ba wanda zai ƙara ganinta. In an jiƙa, ko a samu ko a rasa gaba ɗaya. Mahaifiyarki ce ke kwance, kakarki ce a hoton. Ki ce a yi ko a bari, ni ba zan iya ɗaukar wannan ni kaɗai ba.

Ki amsa da wuri don Allah, Malam Muhyiddeen ya riga ya sayi tikiti.

Rufaida

Sri Petaling

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in har takardar nan ta same ki. Ban san halin da kuke ciki ba. Na kira wayarki a kashe, na sake kira a kashe. Saƙona ko shiga bai yi ba. Na kira Baba yana wajen taro, ya ce, "Ki tambayi gwaggonki, ni ban san kan waɗannan hotunan ba." Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an kira a gaya min. Ko fushi kike yi da ni ne? In fushi ne ki zage ni, na yarda, amma ki yi magana.

Na jira har na ga in na ƙara jira hotunan ba za su bushe ba kafin tafiyar Malam. Sai na yi istihara na koma Brickfields, na ce wa dattijon ni ce mai abu, a yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Boleh," wato zai yiwu, "amma ban yi alkawari ba."

Ya zuba ruwa a faranti mai faɗi ya sa dunƙulen. Muka zauna muna kallo, yana ta ba ni shayi ina kasa sha. Can sai gefen ya fara buɗewa. Ya sa wata 'yar siririyar wuƙa ta roba ya ɗaga na farko. Kakanmu ne, Gwaggo, saurayi, da wata ƙatuwar hula mai gashi, a tsaye cikin ƙanƙara yana dariya haƙora waje. Na biyu Iya ce da kitso biyu har ƙirji, rungume da littattafai. Sai wani gidan katako da bishiya a ƙofarsa. Sai ranar aurensu, su biyu a gaban tebur. Duk sun fita, wasu da tabo a gefe. Har na fara murna, na ce wa dattijon ai ga shi komai lafiya.

Hoton tashar yana can tsakiya, inda laimar ta fi taruwa. Fuskarsa na manne da bayan wani. Dattijon ya daɗe a kansa, yana ɗagawa kaɗan yana tsayawa. Da ya rabu, na ga jirgin ƙasa a baya. Na ga doguwar riga mai aikin zare a hannu. Na ga hannuwanta biyu, manya, sun riƙe jaririya a naɗe cikin bargo, fuskarki ƙarama tana nan ba abin da ya same ta. Na ga kallabin. Amma cikin kallabin, inda fuskar take, sai wani toka-toka ya taso ya bazu a saman ruwan. Na kai hannu zan tare, Gwaggo, kamar mahaukaciya. Dattijon ya riƙe min hannu. Wurin ya zama fari fat.

Ban ma gan ta ba. Ko sau ɗaya ban ga fuskar ba.

Ga hotonsa nan na turo, ki gani da idonki. Bashira ta ce akwai manhajar AI da za ta iya cike gurbin da fuska, wai ba wanda zai gane. Na ce mata ta rabu da ni.

Ni na yanke hukuncin ba da izininki ba. Duk abin da za ki ce, na ji.

Rufaida

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Rufaida 'yata,

Salamu alaikum. Muna raye. Ba fushi ba ne. Ƙirjin Iya ne ya riƙe, numfashi ya gagara, muka kwasa sai asibiti, aka ba mu gado. A rikicin fitar na bar wayar a kan firji, kuma ba wanda zan bar wa ita in dawo ɗauka. Jiya aka sallamo mu. Ta ƙara ramewa, amma numfashin ya daidaita.

Takardunki biyu tare na karanta su, a tsaye a kicin. Da na kai wurin ledar sai da na nemi kujera. Ni na sa ledar nan, har ina yi miki gori da ita. Maganar da na gaya miki ta jiran mutuwa, ki yafe min, bakina ne ya fi ni sauri. Da ni ce a wurin, ni ma jiƙawa zan ce a yi.

Ban nuna mata hoton da kika turo ba, kuma ba zan nuna ba. Matar da ke kiran uwarta dare da rana, in miƙa mata uwa ba fuska? Ƙarasa ta zan yi.

Ki kira Bashira ta yi abin da ta ce. Na san za ki ce ƙarya ce. Ƙarya ce, zunubin a kaina. Idon Iya ya yi rauni, hankalinta rabi yana nan rabi ba ya nan. In ta ga kallabi da fuskar farar mace ta ci tuwo, ni ya ishe ni.

Za ki tambaye ni kamanninta. Abin kunya, ban riƙe ba. Hoton ƙarami ne, fuskar ba ta fi farcen babban yatsa ba, kuma bai fi a ƙirga ba ganin da na yi masa. Iya ba ta buɗe gwangwanin nan sai ta kulle ƙofa. In ta fito idonta ja, ranar ba mai jin daɗinta a gidan, ko kallona ba ta son yi. Shi ya sa na tsani gwangwanin tun ina yarinya, ranar da na ɗaure shi ma sauri nake in rabu da shi. Ki dai ce ta yi fara, mai faɗin fuska, mai kimanin shekara hamsin. A wanke shi a takarda irin ta da, a sa shi a sama.

Ki ci abinci. Kada mu yi jinya biyu.

Gwaggonki,
Indo

Sri Petaling

Gwaggo,

Alhamdu lillahi da na ji muryarki a takarda. Sannu, sannu da wahala. Ba komai, ni ma ki yafe min.

An yi. Bashira ta sa hoton a kwamfuta, kafin in sha ruwa har fuska ta fito. Kyakkyawa ce, Gwaggo, kyau har ya yi yawa, kamar matan da ke tallan man shafawa. Muka rage mata kyan, muka ƙara mata shekaru. Dattijon Brickfields ya wanke mana, da zan fita ya ce in gaishe da mai jiki.

Na sa shi a sama yadda kika ce. Amma na gaskiyar ma yana ciki, a ƙasan sauran, ban iya cire shi ba. Kowane hoto na raba shi da ɗan'uwansa da farar takarda, na zuba 'yan ƙulle-ƙullen nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi. Duk na yi musu kwafi, har takardun, abin da ya kamata in yi tun zuwana. Ɗazu na raka Malam Muhyiddeen tasha, na ga ya sa gwangwanin a jakar da ke kafaɗarsa.

Tsorona ɗaya ne, bari in faɗa in huta. Ba wai ta ƙi hoton ba. Tsorona ta yarda da shi. Yanzu duk duniya a kan Iya kaɗai fuskar nan ta rage. In ta kalli ta Bashira ta ce ita ce, to mun shafe ta gaskiyar a can ma.

Ke ce a kusa, ke kika san abin da ya fi. Ki rubuto min ko me ya faru, kada ki ɓoye min kamar wancan karon.

'Yarki,
Rufaida

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Rufaida 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaishe min da Bashira, ki ce na gode da wahalarta. Malam Muhyiddeen ya sauka lafiya, ko gida bai shiga ba ya kawo saƙo. An yi ruwan farko shekaranjiya, gari ya ɗan yi dama.

Kin ce kada in ɓoye, to ga shi yadda ya faru.

Na jingina Iya da filo, na ɗora mata gwangwanin a cinya. Tana ganinsa ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba, ta dafe murfin da hannunta mai lafiya. Na buɗe na miƙa mata hoton Bashira. Ta kawo shi kusa da ido. Ta duba jirgin, ta duba jaririyar, ta duba fuskar. Ta juya bayansa ta duba. Sai ta sake shi ya faɗi ƙasa, ta yi min wata doguwar magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san faɗa in na ji shi, shekara nawa ina shan nata.

Na ce shi ke nan, mun yi asarar duka biyun. Na kai hannu zan ɗauke gwangwanin kada ta kai ƙasa, ta buge min hannu. Da kanta ta dinga zaro su. Ta ga kakanki da hular gashi, ta yi ɗan murmushi da rabin bakinta. Ta wuce gidan katakon. Ni dai ina tsaye ina salati a zuci, har ta kai na ƙarshe.

Ba ta yi kuka ba, Rufaida. Ta shafa hannuwan matar da yatsa. Ta shafa aikin zaren rigar. Ta shafa kan jaririyar. Sannan ta ɗora yatsa a kan farin wurin, ta daɗe a haka.

Sai ta ɗago ta kalle ni. Tun da ta faɗi ba ta taɓa yi min irin wannan kallon ba. Ta yafito ni, na durƙusa a bakin gadon. Ta kama ɗankwalina ta janyo shi gaba har ya rufe min goshi, ta tattaro bakinsa biyu a ƙarƙashin haɓata ta riƙe, yadda matar hoton ta ɗaura nata. Ta karkata min kai kaɗan. Ta saki, ta ɗora yatsa a kan tawadar Allahn nan da ke ƙasan idona na hagu, ta mayar kan farin wurin, ta dawo kan fuskata. Ta taɓa layin da ke tsakanin girata, wanda kuke cewa na masifa ne, ta sake mayarwa kan hoton. Ta ce, "Mama." Ta ƙara duban fuskata. Sannan ta ce, "Indo."

Kin san duk rayuwata ce min ake ban yi kama da kowa ba. Babanki ya kwashe hasken da hancin, ni na ɗauko baƙin kakanku. A makaranta har tambayata ake yi anya 'yar Baturiyar ce ni. Ban taɓa tunanin akwai abin da na ɗauko daga can ba. Ashe shi ya sa in ta fito daga ɗakin nan da jan ido ba ta iya kallona. Ni kuwa na girma ina cewa ba ta so na ne. Ba ta taɓa gaya min ba, ko sau ɗaya.

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba ranar da kakanki ya rasu. Tana ta shafa min baya tana magana da yarensu.

Ta sha rabin kofin kunu ranar. Jiya ta ci dankalin da kika ce. Amma da sharaɗi, sai na ɗaure ɗankwalin a haɓa na zauna inda za ta gan ni, in na kwance shi sai ta rufe baki. Hausar ba ta dawo ba, sunana kaɗai ya dawo. Likita ya ce kada mu sa rai da yawa, na ce masa na ji.

Yanzu haka da nake rubuta miki ɗankwalin yana ɗaure a haɓata, zufa na bin wuyana, maƙwabta na shigowa suna tambaya ko ciwon haƙori nake yi. Su yi ta tambaya.

In kin zo hutu ki taho da kyamara mai kyau. Ki ɗauke ni a haka, ki wanke shi ƙarami, a sa a gwangwanin kusa da nata. Kuma kada wanda ya sake sa masa leda.

Gwaggonki,
Indo